Mai Gadin da Ba Ya Karɓar Goro

Manoma tamanin da bakwai ke cikin jadawalin nan,
kowa da layinsa, kamar kunya a gonar gero:
suna, fegi nawa, buhu nawa,
da abin da ya ajiye tun kafin ruwa ya janye daga fadama.
Ni ne sakatare. Ba don na fi kowa ba,
wayata ce kawai ke riƙe caji har magariba.

Ɗan ƙanwata Tsalha ya tsara min shi a Dutse,
ya binne wani ɗan aiki a ƙarƙashin gidajen:
ka taɓa wuri guda, lissafi ya haɗa kansa,
babu alli, babu yatsu, babu "tsaya in sake."
Da na nuna wa 'yan ƙungiya a gindin tsamiya
Haladu ya ce, "Aljani ne, amma mai gaskiya."

Ran Laraba ofishin gona na Auyo suka ce a turo,
gobe da la'asar za a rufe sunayen masu taki.
Na hau kan kwalbati, nan ne sabis ke tsayawa,
na liƙa fayil a bayan sallama, na danna.
Ya tafi. Ya dawo.
Jan rubutu: ba a karɓar irin wannan.
Na canza masa suna, kamar mai sa wa jaki hula.
Ya dawo.
Na ƙunshe shi cikin wani ƙunshin. Ya dawo,
data na zurarewa kamar ruwa a kwando,
sauro na cin idon sawuna.

Na kira Ɗayyabu, akawun ofis, na ce,
"Wane irin mai gadi ne wannan,
ba ya karɓar goro, bai san ɗan kowa ba?"
Ya yi 'yar dariya. Ya ce, "Ina kake bara?
Wani fayil ya shigo da sallama irin taka,
muka buɗe, ya cinye kwamfuta uku kamar gara,
sunayen mazaɓa biyu suka bi ruwa,
mutane suka dasa shinkafa babu taki.
Tun ranar, duk mai motsi da kansa a ciki
a ƙofa yake kwana.
Ba a ce naka mugu ba ne. Ba a san shi ba ne."

Na yi shiru.
Ni ma ba na zuba baƙon iri a rumbuna
sai na murza shi a tafi, na duba ko da ƙwaro.

Sai na zauna na sussuke shi.
Na cire ɗan aikin Tsalha, na cire kala, na cire ado,
aka bar sunaye zalla, waƙafi a tsakaninsu
kamar duwatsun iyaka.
Ya wuce. Ko tari mai gadin bai yi ba.

A hanyar gida na tuna da ruwan ɗorawa.
Layin Barira na shafa wa wannan kalar,
ma'ana: mijinta ya rasu, sai an yi girbi za ta biya.
Layin Haladu ja ne, injin ban-ruwansa ya ƙone.
Yanzu a Auyo duk farare ne,
lamba kusa da lamba, bashi kamar kowane bashi.

Na juya. Caji saura tara.
Na koma kwalbatin cikin duhu, kwaɗi na ta musu,
na buɗe sabon gida a ƙarshen layi,
na rubuta harafi bayan harafi:
"A yi mata haƙuri har girbi."
"A ɗaga masa ƙafa, injinsa ya ƙone."
Na sake turawa.
Mai gadin bai tanka ba.
Kalma ba ta motsi da kanta
sai an samu mai karantawa.

Wayar ta mutu a hannuna.
Na sauko ina lalube da ƙafa,
ina tunanin ko Ɗayyabu yakan ja allo
har ya kai ƙarshen layi.