Wasiƙa Zuwa Yamai

Tsahara, an ce an ba ki alƙalami
ki tsara wa ƙasa abokan shekara talatin.
To ga tawa, daga inuwar gingimarin da na tsufa a cikinta.

Shekarar da aka rufe iyakar Ɗan Isa
albasata ta ruɓe, buhu ɗari da bakwai.
Har yau ina jin warin in hadari ya haɗo.
Masu sa hannu a takardar
ba su san kuɗin buhu ba.

Baƙi na zuwa, kowa da tuta a goshin mota.
Na jiya ya naɗe tabarmarsa,
na yau ya iso da murmushi da ma'auni.
Ki amsa gaisuwa, ki riƙe makullin rumbu.
Tambaye shi: ran da rijiyar ta ƙafe, wa zai zauna?

Dubi Gulbi.
Daga Katsina yake shigo mana ba fasfo,
ya shayar da tumatirin fadama,
ya sake tsallakawa abinsa.
Maƙwabci ba riga ba ne balle a tuɓe.

Rubuta abin da jikanki ba zai biya bashinsa ba.
Uwarki na gaisuwa.
Jar akuyar nan ta haifi biyu.