Tikitin Shiga Jiya

Dala talatin aka karɓa a ƙofa,
aka ɗaura mini takarda a wuyan hannu,
wai daga nan har faɗuwar rana
ina cikin shekara ɗari biyu da hamsin da suka wuce.
Ni da jikata Junia muka taka turɓayar Virginia,
wadda da gangan aka hana wa kwalta.

Maƙeri na zuga wuta, guminsa na gaske ne.
Ƙusa ɗaya ya ƙera, aka yi masa tafi.
Wani mai gashin aro, fari kamar audugar da ba a gurza ba,
ya hau dakali yana tsine wa harajin Sarkin Ingila.
"'Yanci!" in ji shi. Muka amsa.
A hannunsa ga shatin agogon da ya cire da safe.
Doki ya yi kashi a tsakiyar hanya,
shi kaɗai bai san wasa ake yi ba.

Junia ta ja ni bayan gidan gwamna,
inda hanya ta tsuke, masu ɗaukar hoto suka ragu.
Madafa ce, hayaƙi ya cinye bangonta.
Ga 'yata Odessa tsugune gaban murhu,
ita da ta yi digiri biyu a tarihi,
ɗankwali ya ɓoye kitsonta, ƙafa ba takalmi,
tana tuƙa garin masara.

Yau sunanta Sukey.
Ba ƙirƙira ta yi ba, a takardar rabon gado ta tsince shi,
layi na sha ɗaya,
tsakanin tukunyar tagulla da goɗiya mai ɗingishi.
Fam arba'in.

Wani mai hular rana ya ce, "Amma ai ana kula da ku, ko?"
Ta ajiye muciya, ta dube shi har ya gyara tsayuwa.
"Ranka ya daɗe, ita ma goɗiyar ana kula da ita."

Junia ta kasa daurewa. "Mama!"
Na ga kiran ya sauka a kafaɗarta.
Ba ta waiwayo ba sai da ta rufe tukunya.
"'Yar nan, ni ma ina da mai kama da ke.
Bayan girbin taba aka tafi da ita Carolina,
ba wanda ya gaya mini wane gida."

Shekara talatin da ɗaya ina tuƙa bas a Richmond,
ban taɓa rasa inda zan sa ido ba sai ranar.
Na sa shi a garwashi.

Ƙarfe biyar aka buga igwa, jiya ta tashi daga aiki.
Mai gashin aro ya tuɓe furfurarsa ya cusa a jaka.
Odessa ta fito da makullin mota a hannu,
Junia ta manne mata tana shinshinar wuyanta.
"Kina warin hayaƙi."
"Zai fita da wanka."

A mota ba wanda ya kunna rediyo.
Na ciji takardar hannuna, ta ƙi tsinkewa.
Na ce, ita Sukey fa, ina take kwana?
"Can, Baba. Gefen murhu.
Ita ba ta da ƙarfe biyar."