Ƙulli a Saiwar Wake

A Sheffield nake da ɗan fegi,
taku ashirin bisa tudun Walkley,
na haya ne, hukumar gari ke karɓa.
Ruwan garin nan ba ya sallama,
ba ruwansa da damina ko rani,
mai bin bashi ne da ya san ƙofa.

Ran Asabar na tumɓuke waken da ya gama 'ya'ya,
sai ga saiwa duk ƙuraje,
ƙulli-ƙulli kamar tsabar gero.
Na ce cuta ce, na nufi wuta.
Tsohuwa Glenys ta leƙo ta kan shinge,
laka har gwiwar hannu:
"Dakata, dukiya za ka ƙona."
Ta fasa ɗaya da farce.
Cikinsa ja-ja, kamar tsiren da bai gasu ba.

Ta ce baƙi ne a ciki, sun fi ƙarfin ido.
Wake ya ba su ɗaki da ɗan zaƙi,
su kuma su kamo naitirojin daga iska,
wannan da muke shaƙa mu fitar bai gaishe mu ba,
su daka shi, su tankaɗe,
har saiwa ta iya haɗiya.
Kuɗin hayarsu ke nan.

Na tuna mahaifina a Gezawa,
yana tsuguna wake a gindin dawa.
Har ya koma bai ji wannan suna ba,
cewa dai yake yi:
ƙasa na son wake yadda miya ke son daddawa.

Muna tsaye hadari ya haɗo daga yamma.
Jiya teku ne shi.
Rana ta ɗebe shi ba guga ba igiya,
iska ta goyo shi, tsauni ya ce sauke.
Rabi zai gangara kogin Rivelin
ya bi Don ya koma gida,
rabi ya nutse ya narkar da abincin saiwa,
ya hau kara, ya fita ta ganye
kamar gumin da ba a gani.

Ganyen kuma in ya faɗi,
tana ta ja shi ƙasa, ruɓa ta warware shi.
Can kwari inda ruwa ke kwana
wasu baƙin na kwance ƙullin,
su mai da wa iska kayanta.
Ramce ne duka, ba mai riƙewa.

Glenys ta nuna maƙabartar coci da haɓa:
"Mijina na can, shekara tara.
Dubi bishiyar da ke kansa,
duk layin ba mai korenta."
Ban sami abin cewa ba.

Na mai da saiwar rami, na rufe da ƙafa.
Baɗi kabeji zai ci gadon.
A gida na ɗora buta a wuta,
tururi ya hau gilashin taga,
ya taru, ya fara gangarowa.