Shafi na Ɗari Biyu da Sha Ɗaya

Ni ce mai sharar majalisar jiha a Springfield,
daga goman dare har asalatu,
ko da yake nan ba ladan, sai kukan motar kwashe bola.
Masu kwat sukan tafi su bar mini kofunan gahawa
da takardun da suka gaji da gardama.

Daren Talata na tsinci shafi guda ƙarƙashin kujera,
da sawun takalmi a fuskarsa.
Ƙudurin dokar lantarki ne, na iska da na rana,
wanda aka yi wata huɗu ana ja-in-ja a kansa.
Turancina na cefane ne, amma na gane layi uku:
a koya wa mutum dubu sana'a,
a fara da garuruwan da aka rufe wa tashar kwal,
a biya wa mai koyo kuɗin mota.
Na ukun nan an soke shi da jan biro.

Na ninke, na sa a aljihu.
Ban sani ba ko sata ce. Shara dai tawa ce.

Maƙwabcina Lyle, shekara ashirin da shida
yana ciyar da tukunyar kwal a bakin kogi.
Ran da aka kashe ta ya dawo da hular kwanonsa
ya shuka tumatir a ciki.
Nakan ji tarinsa ta bango, kamar ana faskare.
A tsaye ya karanta, bai ce in shigo ba.
Ya ce, "Sa'ade, na ci alkawari har na ƙoshi.
Makarantar nan mil arba'in ce, motata ta mutu tun bara.
Sai su ɗora ni a kan iskar ta kai ni."

Ɗana Nafi'u kuwa, mai juya nama a gidan abinci,
tuni ya hau hasumiya a zuci.
Ya nuna mini a waya: fararen fukafukai uku,
kowanne ya fi layinmu tsawo,
suna juyi a kan gonakin masara ba gaggawa.
Na ce, "Wa zai riƙe ka a can sama?"
Ya ce, "Igiya, Inna. Da albashi."

Sai na tuna Funtuwa,
yadda yara ke ihu in an kawo wuta,
kowa na rige-rigen guga da caji.
Rana a can dukanmu take tun hantsi,
ba mu sa ta komai ba sai shanyar tattasai.
Ta nan ragguwa ce, rabin shekara tana fashi,
ga shi ita aka rubuta wa takardar ɗaukar aiki.

Ran Alhamis aka ƙirga ƙuri'a, ina gida ina barci.
Da dare mai gadi ya ce ta wuce, da ratar uku.
Kwando goma sha ɗaya na zazzage
kafin in sami sabon shafin, da tabon gahawa.
Layi na uku ya dawo, sai dai ya rame:
rabin kuɗin mota, shekara biyu kacal.

Na kai wa Lyle. Ya yi tsaki, ya yi tari,
ya daɗe yana kallon tsohuwar motar Nafi'u ta taga.
Ya ce, "Rabi nawa, rabi nasa. Nawa ke nan?"
Na ce, "A garinmu cewa ake, da babu gara ba daɗi."
Bai gane ba, ban fassara ba.

Yau Litinin, shida da rabi, ina dawowa ƙafa a kumbure,
na gamu da su a kwana.
Yaron na tuƙi, tsohon na nuna masa hanyar da ya riga ya sani,
hular kwano a cinyarsa, an wanke ta fes.
Ban san ko aikin zai jira su a ƙarshen koyo ba.
Takarda ba ta taɓa rantse mini ba.

A bakin ƙofata na tarar da tumatirin,
da ƙasarsa da komai,
a cikin sabon bokitina na wanki.
Ko tambayata bai yi ba.
Na tsaya, na yi shiru, na je na ɗebo masa ruwa.