Takunkumin Tsirkiya

Kwana goma sha tara ke nan sama ba ta ɗauke ba
a kwarin Nehalem.
Gansakuka ta hau rufi, ta hau shinge,
saura ni.

Bakan Arvo, mahaifina, na kwance kan ƙusa biyu a bango.
Shi ya ce mini: Signe,
ba kibiya barewa ke tsoro ba, tsirkiya take ji.
Kafin ƙarfe ya ci taku ashirin
ta duƙa, ta zille,
sai ki harbi gurbinta.
Baka mai surutu, tukunya ba romo.

Shi fatar gafiyar ruwa yake naɗawa,
waccan mai datse rafi da itace,
siririn yanki, ya murɗa shi cikin igiya
har ya tashi kamar gemun ɗan akuya.
Bara na bi sawunsa.
Ranar rani ba abin da ya kai ta shiru,
amma da ruwa ya sauko ta sha ta ƙoshi,
ta yi sharkaf, ta rataya kamar ɓeran da ya faɗa rijiya.
Da na saki, ta watsa mini ruwa a ido,
kibiyar ta tafi da nauyin jiki,
ta kwanta a laka taku biyu kafin ƙirjin dabba.

Delbert mai shago a bakin gada
ya miƙo mini na roba, sili-sili kamar gashin bakin kyanwa.
Wannan ba ya shan ruwa, in ji shi, ko a teku kika jefa.
Gaskiyarsa.
Na ɗaura, na gwada bayan gida:
ƙarar ta ragu, sai wani ɗan tas a ƙarshe,
kamar mai taunar cingam a jana'iza.
Kuma roba a kan itacen da Arvo ya fafe da hannunsa,
idona ya ƙi.

Daren Laraba ina neman safa a akwati
na ci karo da rigar sanyinsa,
wadda Orla maƙwabciya ta saƙa da gashin tumakinta,
ba a wanke ba, da maiƙonsa.
Shekara shida, har yau tana warin garke da taba.
Gwiwar hannun ta riga ta ɓule.
Na ɗiga mata ruwa:
ya dunƙule, ya gangara, bai shiga ba.

Na daɗe riƙe da almakashi.

Zira'i huɗu na warware.
Na naɗe a yatsu uku, na buɗe cikin tsirkiya na cusa,
ɗaya sama, ɗaya ƙasa,
na yanke bakin, na goga kakin zuma.
Harbi goma, suka buɗe kamar tuntun hula.
Na rage su da kaɗan-kaɗan,
don babban tuntu ɓarawon gudu ne.

Asuba. Yayyafi mai shiga wuya.
Na tsuguna bayan kututture, gwiwa cikin ruɓaɓɓen ganye,
gashin kibau a ƙarƙashin riga kamar ƴan tsaki.
Ya fito, mai ƙaho reshe uku,
tururi na tashi a gadon bayansa.
Na ja har yatsa ya taɓa gefen baki.
Na saki.

Ban ji komai ba. Shi ma bai ji ba.

Kibiyar ta wuce saman kafaɗarsa da faɗin tafi,
ta nutse a wani ruɓaɓɓen icce.
Kunne ɗaya ya kaɗa, wataƙila don ɗigon ruwa,
ya ci gaba da tsinkar toho
har ya gaji ya shige duhuwa.

Yau ba ni da wanda zan ɗora wa laifi, Baba.
Tsirkiya ta kama bakinta.
Hannun ne ya yi rawa.

Na taɓa tuntun, a bushe yake.
Na kai shi hanci.