Takardu Biyu a Matosinhos

Ranar da muka sa hannu a banki
ƙarnin kifin gwangwani bai bar yatsuna ba.
Gualter, ɗan ƙanwata, ya miƙo mini biro:
albashinsa ba ya tsayuwa shi kaɗai
sai ya jingina da nawa.

Na zaci takarda ɗaya ce.
Ashe biyu ne.
Ta bashi ta haddace sunana kaf,
Filomena Seixas Couto.
Ta mallakar gida kuwa, can ofishin rajista,
ba ta taɓa jin labarina ba.

Bara aka sallame shi daga tashar jiragen ruwa.
Wasiƙar banki ta gano ƙofata,
ta hau bene uku ko haki babu.

Kura da shan bugu, in ji mutane.
Sauran karin maganar na haɗiye shi,
a hannuna yaron ya girma.

Jiya na je. Hawa na biyar, taga mai kallon teku,
wadda nake biya kowane ƙarshen wata.
Na tsaya cikin yayyafi,
na laluba jaka don sabo, babu mabuɗi.
Na danna ƙararrawa
ina jira a tambayi ko wace ce.