Baƙo a Cikin Bokiti

Ban shuka shi ba.
Wata safiya a Abuwabo na tarar da shi
cikin tsohon bokitin da gindinsa ya huje,
ganye huɗu, tsaye kamar yaron da ya manta saƙo.
Na ce ko tsuntsu ne ya biya kuɗin masauki,
ko daga ƙunshin Inna ya faɗo
ranar da muka kakkaɓe tsummokaranta
bayan sadakar arba'in.

Ya yi fure, ya yi 'ya'ya,
da fari shunayya, sannan ruwan ɗorawa,
sannan ja kamar garwashin mai tsire.
Kansu a sama. Ba sa sunkuyawa.

Na ƙulla uku a bakin zane, na nufi kasuwar Asawasi.
Hajiya Lariba ta shinshina, ta ce attarugu ne ya rame.
Mama Ajuwa ta juya shi a tafin hannu,
ta ce ba na Asante ba ne, in tambayi mutanen Ankara.
Ɗantani direba ya rantse ya san danginsa a Bawku,
ya gatsa don ya kafa hujja,
sai hujjar ta kafa shi:
hawaye, majina, ruwan leda biyu,
har yau bai faɗi sunan ba.

Na dawo da sunaye biyar, babu na gaskiya.
Shi kuwa bai jira raɗin suna ba,
ya cika mini ƙwarya, ya cika faranti.

Kumasi ba ta da amana wajen shanya.
Ka baza a kan kwano da hantsi,
kafin azahar hadari ya leƙo daga Manshiya.
Kashin farko fumfuna ta cinye,
na zubar ina jin kunyar bokiti.

Sai na tuna hannun Inna.
Na ɗauko allura da zaren buhu,
na shirya su ɗaya bayan ɗaya kamar carbi,
na rataye saman murhu, hayaƙi ya yi aikin rana.
Wasu na daka da citta da busasshen kifi,
na soya a mai har ya yi duhu,
maƙwabta suna tari suna tambayar lafiya.
Sauran na danna a kwalba da gishiri,
na ɗaure bakin da roba.

Iri kuwa, na zaɓi waɗanda suka fi nuna,
na gauraya da toka saboda ƙwari,
na naɗe a takardar wutar lantarki.
Alƙalami a hannu, na daɗe tsaye.
Me zan rubuta?

Jikata Sahada ta ce,
Kaka, rubuta Na Bokiti.
Na rubuta.
A ƙasa, da ƙananan baƙaƙe,
na ƙara: wataƙila na Inna.